Rariyar Kalmomi: Tace Tarkacen Saƙonni da Matsalar Rubutun Hausa



Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa aiki a ma'aikata ya san matsayin akawun rajista. Shi ke karɓar wasiƙu, ya buɗe, ya buga hatimi, ya shigar a littafi, sa'an nan ya ware wadda za a kai teburin babban sakatare da wadda za a ajiye a gefe. In akawu ya yi sakaci, takardar mai neman fansho sai ta shekara a ƙarƙashin tarin fayil, mai ita kuwa yana can ƙauye yana zuba ido. A yau wasiƙu da yawa sun daina zuwa cikin ambulan, ta intanet suke shigowa. Kafin idon ɗan Adam ya sauka a kansu, akwai wani akawu marar rai da ya riga ya duba su ya yanke musu hukunci. Wannan akawu shi ne manhajar tace saƙonni, wadda za a kira rariya a cikin wannan lacca, domin aikinta ɗaya ne da na rariyar tankaɗe: gari ya wuce, tsaki ya tsaya.

Wani zai ce, me ya haɗa nazarin Hausa da aikin injiniyoyin kwamfuta? Abin da ya haɗa su shi ne kalma. Rariya mafi sauƙin kafawa da jerin kalmomi take aiki. A rubuta mata kalmomin da ake zargi, duk saƙon da ta ga ɗaya daga cikinsu sai ta tsare shi. Manufar wannan lacca ita ce a nuna cewa kalma ita kaɗai ba ta isa shaida a kan saƙo ba, kuma wannan rauni ya fi tsanani a rubutun Hausa fiye da na Ingilishi. Daga nan za a kawo hanyoyin da ofis zai bi ya kafa rariya ba tare da ya zalunci masu rubuto masa ba.

Asalin tarkacen saƙo

Abin da ake nufi da tarkacen saƙo shi ne saƙon da aka watsa wa mutane masu yawa ba da neman yardarsu ba, galibi don talla ko damfara. An fi danganta farkonsa da ranar 3 ga Mayu, 1978, lokacin da wani jami'in talla na kamfanin kwamfuta na DEC a Amurka, mai suna Gary Thuerk, ya aika wa mutane wajen 400 tallar sabuwar na'ura ta hanyar sadarwar ARPANET, wadda ita ce kakar intanet. Waɗanda suka sami saƙon sun yi ƙorafi ƙwarai. Amma abin bai zama sana'a ba sai a Afrilun 1994, sa'ad da wasu lauyoyi biyu a Jihar Arizona, Laurence Canter da Martha Siegel, suka watsa tallar taimaka wa baƙi shiga ƙuri'ar samun takardar zama a Amurka zuwa zaurukan tattaunawa fiye da 5,000 na Usenet.

Turawa na kiran irin wannan saƙo Spam, kuma sunan yana da labari. Sunan wani naman gwangwani ne da kamfanin Hormel ya fara sayarwa a 1937. A 1970 'yan wasan barkwanci na Monty Python a Ingila suka yi wani wasa na gidan abinci inda kusan kowane abinci da wannan nama a ciki, ana ta nanata sunansa har ya danne maganar kowa. Daga nan aka ari sunan aka laƙaba wa saƙon da ke cika wuri ya hana a ji maganar kirki.

Dalilin yawaitar tarkace a fili yake. Mai aika takardar talla ta gidan waya sai ya sayi takarda da ambulan da kan sarki ga kowane mutum, saboda haka tilas ya yi tsimi. Mai aikawa ta intanet kuwa, kuɗin saƙo miliyan bai fi na saƙo ɗari da wani abin kirki ba. In mutum ɗaya ya faɗa tarko cikin dubbai, ya mai da uwar kuɗi har da riba. Hukumomi sun gwada doka. Amurka ta kafa dokar CAN-SPAM a 2003. A Nijeriya, Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta fito da lamba 2442 a 2016 don masu wayar hannu su iya dakatar da saƙonnin talla. A Janairun 2004, a taron tattalin arziki na Davos, Bill Gates ya yi hasashen za a gama da matsalar cikin shekara biyu. Ga shi an haura shekara ashirin, tarkace bai daina shigowa ba.

Yadda rariyar kalmomi ke aiki

Kwamfuta ba ta karatu yadda mutum ke yi. Kowane harafi lamba ce a wurinta. A tsarin Unicode, wanda rubutun intanet ya dogara a kai, ƙaramin harafin k lambarsa 107, shi kuwa ƙ mai ƙugiya lambarsa 409. Idan aka ba rariya kalma, abin da take yi shi ne ta bi saƙo tana neman wurin da lambobi suka jeru daidai da na kalmar. In ta samu, sai ta aikata abin da aka umurce ta: ta share saƙon, ko ta keɓe shi, ko ta yi masa alama.

Nema iri biyu ne. Akwai neman kalma sukutum, watau sai an sami fili ko alamar rubutu a gabanta da bayanta. Akwai kuma neman ɓangare, inda rariya za ta kama haruffan ko da a tsakiyar wata kalma suke. Masu kafa rariya kan karkata ga neman ɓangare, don yana kama kalma tare da ɗafe-ɗafenta. Nan ne kuwa yawancin ɓarna ke fitowa.

Kuskuren rariya ma iri biyu ne. Na farko, tarkace ya sulale ya shiga akwati. Na biyu, saƙon gaskiya ya maƙale. Nauyinsu ba ɗaya ba ne. Kuskuren farko ana ganinsa, kuma gyaransa bai wuce danna maɓalli ɗaya ba. Na biyu ba mai ganinsa. Ma'aikaci bai san an rubuto ba, wanda ya rubuto kuma yana zaton an raina shi ne. A ƙaddara ofis yana samun saƙonnin gaskiya 200 a wata, rariyarsa kuma tana kuskure sau ɗaya tak cikin ɗari. Ke nan kowane wata mutum biyu sun yi magana da bango, a shekara mutum 24. Cikinsu ana iya samun ɗalibi mai neman takardar sakamako, ko gwauruwa mai bin haƙƙin mijinta.

Abin da ya sami masu Ingilishi

A 1996 kamfanin AOL ya hana mazauna garin Scunthorpe a Ingila buɗe asusu, saboda haruffa huɗu a cikin sunan garin sun yi daidai da wata kalmar batsa ta Ingilishi. Tun daga lokacin ake kiran wannan nau'in kuskure da sunan garin. A Fabrairun 2003 'yan Majalisar Wakilan Birtaniya suka tarar sabuwar rariyarsu tana tsare wasiƙun da suka shafi ƙudurin dokar laifukan fyaɗe da makamantansu, alhali kuwa ƙudurin ne suke muhawara a kansa. Wannan rariya ta kuma tsare wasiƙun da aka rubuta da harshen mutanen Wales, don ba ta san harshen ba. A 2006 aka gano kamfanin Yahoo yana ƙin karɓar duk sunan asusun da haruffan kalmar Allah suka fito a cikinsa, har abin ya shafi masu sunan dangi Callahan, kafin kamfanin ya janye. A 2010 wata tsohuwar mujallar tarihi a Kanada, The Beaver, ta sauya suna zuwa Canada's History, kuma ɗaya daga cikin dalilan shi ne rariyoyi na ɗaukar tsohon sunan a matsayin batsa.

A ɗaya ɓangaren, masu tarkace ba su zauna ba. Da aka sa sunan maganin Viagra a jeri, sai suka riƙa sa lamba 1 a madadin harafin i, ko su raba haruffa da ɗigo, ko su ari harafin Rashanci mai kama da na Romawa wanda lambarsa daban ce. Wajen 2006 suka koma sa tallar cikin hoto, inda babu kalmar da rariya za ta kama. Watau mai laifi yana da dalilin da zai sa ya karanci jerin ya kauce masa, mai gaskiya kuwa bai ma san da jerin ba. Shi ya sa rariyar kalmomi, in ta tsufa ba a kula da ita ba, takan koma kama marasa laifi kawai.

Inda Hausa ta shigo

Idan haka ta faru ga harshen da aka gina rariya dominsa, ina ga Hausa? Akwai matsaloli biyar da ya kamata a sani.

Ta farko, ƙugiya. Tun cikin shekarun 1930 aka tsayar da haruffan ɓ da ɗ da ƙ a rubutun boko, amma har yau mutane da yawa suna rubutu a waya ba tare da su ba. A ɗauki ofishin da ya sa kalmar karuwa a jerinsa don maganin masu tallar alfasha. Sai ma'aikaci ya rubuto yana neman hutun kwana biyu domin an sami ƙaruwa a gidansa, ya rubuta da k marar ƙugiya. Mutum zai karanta ya ce Allah ya raya. Rariya kuwa za ta jefa saƙon cikin shara. Haka rahoton da ke maganar ƙaruwar kuɗin shiga, ko ƙaruwar ɗalibai a makarantu. Haka baki da baƙi, da daidai da ɗaiɗai.

Ta biyu, karin sauti da tsawon wasali. Ƙamus irin na Bargery na 1934 yana nuna su, amma rubutun yau da kullum ba ya nunawa. Gari na zama da gari na tuwo rubutunsu ɗaya. Haka kuka na hawaye da kuka ta miya, da wuya ta jiki da wuya ta wahala. Kalmar kashi tana nufin bayan gida, tana nufin rabo kamar a kashi 10 cikin 100, tana nufin duka, in kuma an yar da ƙugiya ta zama ƙashin jiki. Wanda ya sa ta a jeri don ƙazanta ya rufe ƙofa ga duk rahoton da ke da lissafi.

Ta uku, kalma cikin kalma. A sa giya a jeri da neman ɓangare, sai a tsare ƙungiya, da igiya, da magiya, har da ita ƙugiyar da ake magana a kai. Ke nan duk wasiƙar ƙungiyar malamai ko ta manoma ta maƙale. A sa zina, sai a kama zinariya. A sa caca, sai a kama cacar baki, wadda ke cikin labaran majalisa kusan kullum. Wanda kuma ya kwafo jerin Ingilishi ya ɗora a kan wasiƙun Hausa ya fi kowa shiga uku. A irin wannan jeri akan sami wata kalma mai haruffa uku da ke nufin jaki, wadda Amurkawa ke zagi da ita, kuma haruffan nan uku su ne farkon Assalamu alaikum. Kalmar gun, kamar a gun malam, bindiga take nufi da Ingilishi.

Ta huɗu, ƙirar kalma. A 1960 F. W. Parsons ya kasa aikatau na Hausa aji bakwai, kuma kowane ɗalibin nahawu ya san yadda saiwa ɗaya ke haifar da saya, sayi, saye, sayo, sayar da sayu. Jam'in suna kan shiga cikin kalma ya sauya ta, kamar kuɗi da kuɗaɗe. Mai son kama maganar kuɗi tilas ya tanadi kuɗi da kudi da kud'i, da kuɗɗi na Sakkwatawa, da kuɗaɗe. Matasa kan sa q a madadin ƙ, da x a madadin z. Wanda ya yi makaranta da Faransanci a Nijar yakan rubuta ou a wurin u. Rariyar da ba ta san waɗannan ba, ɗan damfara zai wuce ta ba tare da ya yi wata dabara ba.

Ta biyar, wadda ta fi sauran zurfi, ita ce faɗin ma'ana. Bahaushe na kashe kuɗi, ya kashe fitila, ya kashe ƙishirwa, ya kashe aure. Yana cin abinci, ya ci jarrabawa, ya ci zaɓe, ya ci amana. Saƙon damfara kan ce ka ci kyauta, amma kyauta na cikin ka kyauta, da kyautatawa, da kyautata zato, waɗanda ba a raba wasiƙar mutunci da su. Ma'anar kalma tana ga maƙwabtanta, da wanda ya faɗe ta, da wanda aka faɗa wa. Rariyar jeri kuwa ba ta ga ko ɗaya daga cikin ukun nan ba.

Akwai kuma wani abin da ya shafi 'yan Nijeriya musamman. Damfarar da ake kira 419, wadda ta samo suna daga sashe na 419 na kundin dokokin laifuka, ta sa sunan ƙasar ya yawaita cikin wasiƙun ƙarya. Duk rariyar da ta ɗauki sunan Nijeriya ko Legas a matsayin shaida, to ɗalibin da ke neman gurbin karatu a waje shi zai fara biyan bashin da bai ci ba. Wanda ya san zafin wannan bai kamata ya yi wa na gida irinsa ba.

Daga jeri zuwa awo

Masana sun ga waɗannan raunuka, suka nemi mafita ta hanyoyi biyu. Ta farko ita ce ba da maki. Manhajar SpamAssassin, wadda Justin Mason ya fito da ita a 2001, tana gwada saƙo da ƙa'idoji masu yawa, kowace da makinta. Wata alama ta ƙara maki, wata ta rage. Sai jimla ta kai iyakar da aka tsayar, wadda a asali maki 5 ce, kafin a kira saƙo tarkace. Wannan ya yi kama da alƙalin da ba ya yanke hukunci da shaida ɗaya.

Hanya ta biyu ita ce a bar rariya ta koya da kanta. Tushenta wata ƙa'idar lissafi ce ta Thomas Bayes, wani limamin kirista ɗan Ingila, wadda aka buga a 1763 bayan rasuwarsa. A 1998 masu bincike daga Jami'ar Stanford da kamfanin Microsoft suka gwada ta a kan wasiƙun imel, amma maƙalar Paul Graham ta Agustan 2002 ce ta yaɗa ta. Yadda abin yake shi ne, a tara wasiƙu tsibi biyu, na gaskiya da na tarkace, kwamfuta ta ƙirga sau nawa kowace kalma ta fito a kowane tsibi. In sabon saƙo ya zo, sai ta ɗauki kalmomi 15 da suka fi nuna ɓangare, ta haɗa nauyinsu. Graham ya ba da labarin cewa kalma ɗaya tak, wadda ke nufin a danna, ta kama kusan kashi 80 cikin 100 na tarkacen da ya tara, amma ta haɗa da kashi 1.2 na wasiƙun gaskiya, kuma wannan ya isa a ƙi dogara da ita. Ya kuma gano lambar da ake sa rubutu ya zama ja wur da ita tana tona tarkace kamar yadda kalmar batsa ke yi, abin da ba wani mai rubuta jeri da zai yi tunaninsa. Da gangan ya ninka nauyin wasiƙun gaskiya a lissafinsa, don gudun tsare marar laifi.

Amfanin wannan hanya ga Hausa babba ne. A ofishin da ake yawan rubuta karuwa ana nufin ƙaruwa, rariya mai koyo za ta ga kalmar ta fi yawa a tsibin gaskiya, ta daina zarginta. Manyan kamfanoni sun wuce nan ma. A 2019 Google ya ce Gmail na tsare fiye da kashi 99.9 cikin 100 na tarkace. Sai dai kowace rariya mai koyo, abin da aka ciyar da ita shi ta sani, kuma rubutun Hausa da ke intanet kaɗan ne ƙwarai in an gwada da na Ingilishi.

Shawarwari ga mai kafa rariya

Duk da haka ƙananan ofisoshi za su ci gaba da amfani da jerin kalmomi, don shi ne mai araha. Ga abin da ya kamata a kiyaye.

Na farko, kada a kwafo jeri daga waje. A tara saƙonnin da ofishin kansa ya samu, na gaskiya da na tarkace, a fitar da jeri daga cikinsu. Kafin a kunna rariya, a gwada ta a kan tsofaffin wasiƙun gaskiya. Duk kalmar da ta kama ko da ɗaya, a sake dubanta.

Na biyu, a nemi kalma sukutum, kuma a fifita yankin jimla a kan kalma guda. Kuɗi ba shaida ba ne, lamba ma haka. Amma turo lambar sirri, ko an rufe asusunka tare da neman lambar BVN da Babban Bankin Nijeriya ya shigo da ita a 2014, waɗannan shaida ce mai ƙarfi, tun da bankuna da kansu suna nanata cewa ba sa neman lambar sirri ta saƙo.

Na uku, a daidaita rubutu kafin gwaji, watau rariya ta ɗauki kuɗi da kudi da kud'i abu ɗaya. Amma duk kalmar da zubar da ƙugiya ke haɗa ta da wata ta mutunci, a cire ta daga jeri, ko a ba ta maki kaɗan.

Na huɗu, a yi aiki da maki, kada kalma ɗaya ta isa hukunci. A haɗa da alamomin da ba na harshe ba: yawan adireshin intanet a cikin saƙo, da zuwan saƙo iri ɗaya sau da yawa cikin minti kaɗan, da cike fom cikin daƙiƙa biyu, wanda hannun mutum ba zai iya ba. Akan kuma sa wani gurbi a fom wanda idon mutum ba ya gani amma na'urar watsa tarkace ke cikewa. Duk wanda ya cike shi ya tona kansa, ba tare da an zargi kalmar kowa ba.

Na biyar, kada rariya ta share kome. Ta keɓe kawai. Gmail ma sai saƙo ya yi kwana 30 a akwatin tarkace yake share shi. A ɗora wa wani ma'aikaci da ya ji Hausa da Ingilishi nauyin duba akwatin keɓewa aƙalla sau biyu a mako, ya sa hannu a littafi kamar yadda akawun rajista ke yi. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba hukumomin gwamnati kwana bakwai su amsa wa mai neman bayani. Ofishin da ke duba akwatinsa sau ɗaya a wata yana wasa da wannan wa'adi.

Na shida, a sanar da mai aikowa. In saƙonsa ya maƙale, ya ga bayani da harshen da yake ji, tare da wata hanyar da zai bi, ko lambar waya ko ofishin da zai je.

Na bakwai, kowace kalma a jeri a rubuta ranar da aka sa ta, da dalili, da sunan wanda ya ba da izini, kuma a sake duba jerin duk bayan wata uku. Wannan ya wuce maganar tsari. Hannun da zai iya sa sunan maganin ƙarya a jeri, zai iya sa cin hanci, ko yajin aiki, ko bashin albashi, ƙorafin jama'a ya riƙa ɓacewa a hanya, shugaba yana zaune yana zaton kowa na jin daɗi. Abin da ya faru a majalisar Birtaniya bisa kuskure, ana iya yin sa a wani wuri da gangan. Saboda haka jerin kalmomi takardar hukuma ce, kuma ya kamata mai binciken ofis ya iya neman ganinta.

Kammalawa

An ga cewa rariyar kalmomi haruffa take gani, ba ta ganin nufi. An ga rubutun Hausa yana ɓoye karin sauti da tsawon wasali, a waya ma har da ƙugiya, ta yadda kalmomi masu nisan ma'ana ke zama abu ɗaya a idon na'ura. An kuma ga kuskuren da ba a gani ya fi wanda ake gani illa. Hausawa na cewa garin neman gira kada a rasa ido. Ofishin da ya tsabtace akwatinsa ta hanyar toshe bakin masu haƙƙi ya yi asarar da ta fi tarkace.

Akwai aiki a nan ga ɗaliban harshe. Ana bukatar jerin kalmomin Hausa da ke rikicewa in an zubar da ƙugiya, kuma Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006 ya isa wurin farawa. Ana bukatar a tara saƙonnin damfara na Hausa a yi nazarin salonsu, yadda ake nazarin salon tatsuniya ko na waƙa. Ana bukatar bayanin yadda matasa ke rubutu a waya daga Kano zuwa Maraɗi. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya isa kundin digiri, kuma injiniya ba zai iya yin sa shi kaɗai ba. Ma'aikatan gwamnati kuwa, aikinsu ya fi sauƙi, kuma ana iya fara shi gobe da safe: a buɗe akwatin tarkace na ofis, a duba ko akwai wanda ya daɗe a ciki yana jiran amsa.